Tarihin Rayuwar Wiliyam Mashal, Babban Hakimin Pembroke

Gabatarwa

A cikin mutanen da suka rayu a ƙasar Ingila shekaru 800 da suka wuce, in aka cire sarakuna da manyan malaman coci, da wuya a sami wanda aka san rayuwarsa filla-filla kamar Wiliyam Mashal. Dalili kuwa shi ne, bayan rasuwarsa babban ɗansa ya sa wani mawaƙi ya tsara tarihinsa a waƙe da Faransancin wancan zamani. Waƙar tana da layi fiye da 19,000, kuma an kammala ta a wajajen shekarar 1226 miladiyya. Mawaƙin ya samo yawancin labaransa ne daga bakin waɗanda suka zauna da marigayin, musamman amintaccen baransa Jon na Earley. Sai dai ya kamata ɗalibi ya riƙe a ransa cewa iyalan mamacin ne suka biya ladan aikin. Saboda haka a wurare da dama waƙar ta fi kusa da kirari, kuma masana tarihi sukan auna abin da ta faɗa da takardun fada da suka rage kafin su amince da shi.

Ƙasar kan iyaka

Ba za a fahimci rayuwar wannan mutum ba sai an san irin ƙasar da ya mulka. A shekarar 1066 ne Normawa, wato mutanen yankin Normandi da ke arewacin Faransa, suka ƙetaro teku suka ci Ingila da yaƙi. Amma a yammacin Ingila akwai ƙasar Wels, ƙasa mai duwatsu da kwazazzabai, wadda take da harshenta da sarakunanta, kuma ba ta miƙa wuya ba. Don haka sabon sarkin ya kafa manyan hakimai uku a bakin iyaka, a garuruwan Chester da Shrewsbury da Hereford. Da tafiya ta yi tafiya, hakiman wannan yanki suka sami ikon da sauran hakiman Ingila ba su da shi. Suna da kotunansu, suna gina gidajen yaƙi ba tare da neman izini ba, suna kai hari lokacin da suka ga dama, kuma ƙasar da mutum ya ci da takobinsa ta zama tasa.

Abubuwa biyu suke kafawa a duk inda suka sa ƙafa. Na farko shi ne kagara, wato ƙaƙƙarfan gida mai katanga da hasumiya wanda hakimi yake zaune ciki da mayaƙansa. Na biyu shi ne gidan zuhudu, inda wasu Kiristoci da suka bar aure da dukiya suke zama tare, suna ibada da noma da kiwo. Wiliyam Mashal ya ƙware wajen amfani da duka biyun, amma sai da ya haura shekara 40 kafin ya mallaki ƙasar da zai gina su.

Haihuwarsa da ƙuruciyarsa

An haifi Wiliyam a wajajen shekarar 1147. Mahaifinsa, Jon, ƙaramin hakimi ne mai riƙe da muƙamin mashal a fadar sarki, muƙamin da asalinsa ya yi kusa da na shamaki, wato mai kula da dawaki. Daga nan zuriyar ta samo sunanta. Mahaifiyarsa Sibil kuwa 'yar'uwar Patrik ce, babban hakimin Salisbury. Wiliyam yana cikin ƙananan 'ya'ya, kuma bisa al'adar Normawa babban ɗa ne yake gadon ƙasa. Wato tun daga haihuwa an san ba shi da ko taki ɗaya.

Ya tashi ne a lokacin yaƙin basasa tsakanin Sarki Istifan da 'yar'uwarsa Matilda a kan gadon sarauta. A 1152 sarkin ya kewaye kagarar Jon da ke Newbury. Jon ya nemi a tsagaita wuta, ya ba da ɗansa Wiliyam, mai kimanin shekara biyar, a matsayin jingina. Maimakon ya cika alkawari, sai ya yi amfani da wannan dama ya ƙara mayaƙa da abinci a kagarar. Da aka aika masa cewa za a rataye yaron, waƙar ta ce ya mayar da amsa cewa bai damu ba, domin har yanzu yana da maƙera da gudumar da zai ƙera 'ya'yan da suka fi wannan. An kai yaron gindin igiya, an kuma yi barazanar sa shi a majajjawar yaƙi a cilla shi cikin kagarar. Shi kuwa bai san abin da ake ciki ba, ya ɗauka wasa ne. Sarki Istifan mutum ne mai taushin zuciya, ya kasa kashe shi, har aka ce daga baya an gan su cikin tanti suna wasan yaƙi da karan ciyawa.

Da ya kai kimanin shekara 13 aka tura shi Normandi gidan wani ɗan'uwan mahaifiyarsa, Wiliyam na Tancarville, don ya koyi hawa da riƙon makami. A can ana yi masa ba'a da yawan ci da barci. A wajajen 1166 aka ɗaura masa takobi, ya zama barde. A yaƙinsa na farko ya nuna jarunta, amma aka kashe dokinsa, kuma bai kama kowa ba balle ya sami kuɗin fansa. Sai da ya sayar da alkyabbarsa kafin ya sami abin hawa. Wannan darasi bai taɓa barin zuciyarsa ba.

Barde mai neman na kansa

Hanyar da ta rage wa matashi irinsa ita ce gasar barade. Kada mai karatu ya ɗauka wasan nishaɗi ne kawai. Ɗaruruwan mahaya ne suke rabuwa gida biyu, sanye da sulke da kwalkwali, su gwabza a fili mai faɗin gaske tsakanin gari da gari. Wanda ya kama barde ya mallaki dokinsa da kayan yaƙinsa, sannan ya karɓi fansa. A nan Wiliyam ya yi suna, ya kuma tara abin hannu. An rubuta cewa shi da wani abokinsa sun kama barade 103 cikin wata goma. Akwai ranar da aka neme shi don a ba shi kyautar gasa, sai aka tarar da shi a maƙera ya ɗora kansa bisa uwar maƙera, maƙeri yana fama ya cire masa kwalkwalin da duka ya lanƙwasa.

A 1168 yana cikin tawagar kawunsa Patrik da ke rakiyar Sarauniya Elina, matar Sarki Henri na Biyu, a yankin Poitou na Faransa, sai wasu 'yan tawaye suka yi musu kwanton ɓauna. Aka kashe Patrik, aka soki Wiliyam a cinya, aka tafi da shi. Sarauniya ta tsira, kuma ita ce ta biya fansarsa. Wannan ne ya buɗe masa ƙofar gidan sarauta. A 1170 aka naɗa shi mai koya wa yarima Henri, magajin sarki, aikin makami. Ya yi wa yariman hidima shekara 13, har da lokacin da yariman ya yi wa mahaifinsa tawaye. A 1182 maƙiya suka yi masa ƙazafi da matar ubangidansa, ya bar fada na ɗan lokaci, amma aka sake kiransa. Da ciwon ajali ya kama yariman a 1183, sai ya roƙi Wiliyam ya kai alkyabbarsa Birnin Ƙudus, domin ya yi alwashin zuwa bai samu ba. Wiliyam ya cika wasiyyar. Ya yi kusan shekara biyu a can, ya dawo kafin Salahuddin ya karɓi birnin a 1187. Ya zo da yadin siliki guda biyu da ya ɓoye, bai gaya wa kowa amfaninsu ba sai bayan shekara 30.

Daga nan ya shiga hidimar tsohon sarki, Henri na Biyu. A 1189 wani ɗan sarkin, Ricad, ya haɗa kai da sarkin Faransa suka kori uban daga birnin Le Mans. Ricad ya biyo sawu da gaggawa, ko sulke bai sa ba, sai ga shi gaba da gaba da Wiliyam, wanda yake tsare bayan rundunar. Da ya so kashe shi da ya kashe shi. Sai ya karkatar da mashi ya soke dokin, ya bar yariman a ƙasa. Bayan 'yan makonni Henri ya rasu, Ricad ya hau gado. Kowa ya zaci ƙarshen Wiliyam ya zo. Amma sabon sarkin ya lissafa cewa mutumin da ya tsaya wa ubansa har ƙarshe shi ne irin wanda yake bukata, sai ya tabbatar masa da alkawarin auren da uban ya yi masa.

Aure, kagarai da gidajen zuhudu

Amaryar ita ce Isabel ta gidan Clare, mai kimanin shekara 17, shi kuwa yana da kusan 43. Mahaifinta Ricad, wanda ake wa laƙabi da Strongbow, hakimin kan iyakar Wels ne da ya ƙetara tsibirin Ailan a 1170, ya auri 'yar sarkin Leinster, ya gaji ƙasar. Tun da ɗan'uwanta ya rasu yana yaro, Isabel ce magajiya. Dare ɗaya barden da ya taɓa sayar da alkyabbarsa ya zama mai Chepstow a kudancin Wels, da Leinster a Ailan, da Longueville a Normandi. A 1199 aka ƙara masa sarautar babban hakimin Pembroke. Sun haifi 'ya'ya goma, maza biyar mata biyar, kuma alamu sun nuna yana shawara da ita, yana kuma tuna wa mutanensa cewa ƙasar ta hannunta ta zo.

Aikinsa na farko shi ne gyaran kagarar Chepstow, wadda Normawa suka fara ginawa a 1067 a kan wani dutse da ya leƙa kogin Wye. Ya gina mata babbar ƙofa mai hasumiya biyu masu siffar da'ira, da ƙananan tagogi na harbin kibiya. Wannan sabon abu ne a Ingila a lokacin. Hikimar ita ce, hasumiya mai kusurwa huɗu tana da rauni a kusurwoyinta, domin abokan gaba sukan haƙa rami a ƙarƙashinsu su rushe ta, kuma akwai gefen da mai tsaro ba ya gani. Mai da'ira ba ta da wannan aibi. Ƙyauren itacen oak da aka sa wa ƙofar yana nan har yau, kuma binciken itacen ya nuna an yi shi a wajajen 1190, abin da ya sa ake lissafa shi cikin mafi tsufan ƙyauren kagara a Turai. A Pembroke, can ƙuryar yammacin Wels inda ake hawa jirgi zuwa Ailan, ya gina wata hasumiya mai da'ira wadda tsayinta ya haura mita 20, mai rufin dutse. A Leinster kuma ya gina kagarar Kilkenny da dutse, ya kafa garin New Ross a bakin kogi da gada da tashar jiragen ruwa, domin kasuwancin ƙasarsa ya riƙa bi ta hannunsa.

Ta fuskar gidajen zuhudu, tun a wajajen 1190 ya kafa na Cartmel a arewa maso yammacin Ingila. Auren Isabel kuma ya mai da shi majiɓincin gidan Tintern, wanda wani daga zuriyarta ya kafa a 1131 a kwarin kogin Wye. A wajajen 1200, yana kan hanyar zuwa Ailan, guguwa ta taso wa jirginsa. Ya yi alwashi cewa in ya tsira zai gina gidan ibada a inda ya sauka. Ya cika, ya ɗebo 'yan zuhudu daga Tintern ta Wels ya zaunar da su a yankin Wexford, aka kira wurin Tintern ta Alwashi. Bayan 'yan shekaru ya kafa na Duiske a bakin kogin Barrow.

Babu dalilin shakkar imaninsa. Mutumin da ya yi rayuwarsa da takobi yana son a sami masu yi masa addu'a dare da rana, da wurin da za a binne iyalinsa. Amma abin lura shi ne inda ya samo mazauna waɗannan gidaje. Akwai 'yan zuhudu 'yan asalin Ailan a kusa, duk da haka na Duiske daga Wiltshire ta Ingila ya kawo su. Su ne suke sare daji, su yi noma, su kiwata tumaki, su sayar da ulu, kuma biyayyarsu tana ga wanda ya ba su ƙasar. Ta haka gidan zuhudu yake kammala aikin da kagara ta fara. Su kuwa 'yan ƙasa ba su ga wannan zamani da idon da mawaƙin ya gan shi ba. A 1204 Wiliyam ya ƙwace kagarar Cilgerran daga hannun mutanen Wels. A 1217 mutanensa suka karɓe Caerleon daga mai ita, bai kuwa mayar ba. A Ailan ya riƙe gonaki biyu na bishop ɗin Ferns, har bishop ɗin ya yanke shi daga coci.

Zamansa da Sarki Jon

Da Ricad ya rasu a 1199, Wiliyam yana cikin waɗanda suka goyi bayan ƙanensa Jon ya hau gado. Amma Jon mutum ne mai zargi. A 1204 Sarki Filib na Faransa ya ci Normandi, sai ya zama dole kowane hakimi ya zaɓi gefe ɗaya. Wiliyam ya nemi ya ci biyu. Ya yi wa Filib caffa saboda ƙasarsa ta Longueville, sannan a 1205 ya ƙi bin Jon yaƙi Faransa, yana cewa ba zai ɗaga makami a kan wanda ya yi wa mubaya'a ba. A nan ne masu cewa biyayyarsa tana tafiya da lissafin riba suke samun hujja. Jon ya karɓi babban ɗansa jingina, daga baya ya ƙara da na biyu.

A 1207 Wiliyam ya koma Leinster. Sarki ya kira shi Ingila, yana barin ƙasar sai wakilin sarki a Ailan ya auka wa gonakinsa, aka ƙone New Ross. Isabel tana da ciki a lokacin, amma ita da baraden mijinta suka tsare Kilkenny, suka kuma ci nasara. A can fada kuwa Jon ya yi wa Wiliyam ƙaryar cewa an kashe mutanensa, don ya ga yadda zai yi. Bai ce uffan ba. Wannan haƙuri ne ya cece shi. Maƙwabcinsa Wiliyam na Braose, wanda ya yi fito-na-fito da sarkin, ya rasa komai, aka kuma bar matarsa da ɗansa da yunwa a kurkuku har suka mutu a 1210.

Da hakimai suka fara juya wa Jon baya, sai ya tuna da tsohon barden, ya dawo da shi a 1213. A Yunin 1215, lokacin da aka tilasta wa sarkin amincewa da takardar Magna Kata, wadda ta iyakance ikonsa a kan haraji da shari'a, Wiliyam yana gefen sarki a matsayin mai shiga tsakani, babban ɗansa kuwa yana cikin 'yan tawaye.

Riƙon ƙasa

Jon ya rasu a Oktoban 1216, ya bar ɗa mai shekara tara, Henri na Uku. Baitulmali babu kuɗi, birnin Landan yana hannun Luwis ɗan sarkin Faransa, wanda 'yan tawaye suka gayyato, kuma yawancin hakimai suna tare da shi. Aka naɗa yaron a Gloucester, aka roƙi Wiliyam, mai kimanin shekara 70, ya riƙe ƙasa. Matakinsa na farko ya fi kowane yaƙi amfani. A Nuwamban 1216 shi da wakilin Paparoma suka sake fitar da Magna Kata da sunan sabon sarki, bayan an cire wasu sassa. Takardar da Jon ya yi watsi da ita, Paparoma kuma ya soke, ta zama alkawarin gidan sarauta, 'yan tawaye suka rasa babban dalilinsu.

Ranar 20 ga Mayu, 1217, ya jagoranci runduna zuwa Lincoln, inda wata dattijuwa mai suna Nikola ta Haye take tsare da kagarar garin a madadin sarki. An ce saboda ɗoki har ya zaburi doki ba kwalkwali, sai da bara ya tuna masa. Aka yi yaƙi cikin lungunan gari, aka kashe jagoran Faransawa, aka kama manyan 'yan tawaye da yawa. A watan Agusta aka fasa jiragen da ke kawo wa Luwis gudummawa a kusa da Sandwich. A Satumba aka yi sulhu, aka yafe wa 'yan tawaye, aka kuma yi wa Luwis alkawarin azurfa mak 10,000 don ya tafi. Wasu sun zarge shi da sassauci, suna ganin ƙasarsa ta Normandi yake karewa.

Rasuwarsa

A farkon 1219 ciwo ya kwantar da shi. Aka ɗauke shi ta kogin Tems zuwa gidansa na Caversham. Bai amince ya bar yaron sarki a hannun wani hakimi ɗaya ba, sai ya danƙa shi ga wakilin Paparoma. Sannan ya aiki Jon na Earley ya ɗauko yadin silikin nan biyu daga Wels, ya bayyana cewa likkafaninsa ne, kuma tun a Ƙudus ya yi alkawarin zai mutu yana cikin ƙungiyar Baraden Haikali, wato mayaƙa masu rayuwar zuhudu. Da aka tuna masa koyarwar malaman coci cewa sai ya mayar da duk abin da ya karɓe, ya amsa cewa ya kama barade 500 da dawakinsu, ba shi da hanyar mayarwa, abin da zai iya shi ne tuba. Ya yi bankwana da Isabel, aka lulluɓe shi da farar alkyabbar ƙungiyar. Ya rasu ranar 14 ga Mayu, 1219, aka binne shi a Cocin Haikali da ke Landan.

Isabel ta bi shi a 1220, aka binne ta a Tintern. 'Ya'yansa maza biyar sun gaji sarautar ko haƙƙinta ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya bar magaji. Ricad ya mutu a 1234 daga raunin da ya samu a yaƙi a Ailan, Gilbat ya faɗo daga doki a gasar barade a 1241, na ƙarshe biyu kuma suka rasu a ƙarshen 1245. Marubucin tarihi Matiyu Paris ya danganta wannan da bakin bishop ɗin Ferns. Aka raba ƙasar tsakanin zuriyar 'ya'ya mata. Chepstow da muƙamin mashal suka koma gidan Bigod ta hannun babbar 'yarsa Mod, kuma jikanta Roja ne ya ɗauki nauyin sake gina babban cocin Tintern. A 1536 Sarki Henri na Takwas ya rufe gidan, aka kwashe dalmar rufinsa, ganuwarsa ce kawai take tsaye a yau. Cocin Cartmel kuwa ya tsira, domin mutanen ƙauyen ma a nan suke ibada, kuma har yanzu suna amfani da shi.